Ɗalibi Ya Kwanta Ciwo, Makaranta Ta Riƙe Kuɗi: Wa Ya Halatta Mata?

Yayata waakye take sayarwa a Aboabo, a Kumasi. Shekara da shekaru ke nan tana tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora tukunya. 'Yarta ta biyu, wadda aka haifa da ciwon sikila, ita ce mace ta farko a gidanmu da ta taka jami'a. Wata jami'a ce mai zaman kanta a Accra, ba zan kama sunanta ba, domin ba faɗa da ita ya kawo ni ba. Da yarinyar za ta shiga shekara ta biyu, daga wuri uku kuɗin ya fito: susun da uwarta ta ɗauka, da abin da ƙaninmu na Italiya ya turo, sai ɗan abin da na ƙara. Aka biya kuɗin simesta cif. Aka biya na hostal na shekara guda, tunda haka masu hostal suke karɓa.

A mako na huɗu da komawarta ciwon ya tashi. Da fari ƙafa ce da baya, irin wanda ta saba da shi, ta sha magani ta lallaɓa ta tafi aji. Kwana biyu sai ya haye ƙirji. 'Yan ɗakinsu ne suka saka ta a tasi da tsakar dare. Ta kusa mako uku a gadon asibiti, aka ƙara mata jini, da za a sallame ta likita ya ce ta manta da zancen aji sai bayan wata uku. Uwarta ta zo ta kwashe ta zuwa Kumasi. Ba wanda ya tuna da makaranta a cikinmu, kuma har yau ban ga laifin kowa ba. Wanda yake zaune yana kallon ɗansa na numfashi da ƙyar ba ya tunanin rasit.

Sai da aka yi wata biyu, jiki ya fara dawowa, Yaya ta kira ni a waya. Ta ce, "Kai da ka yi sukuu, je ka tambaye su mana. Yarinyar nan ba ta ci kuɗin ba. Ko rabi ne su ba mu mu sayi magani." Na je. Ma'aikacin ofishin kuɗi mutum ne mai fara'a, ya yi mini jaje, ya tambayi jikinta, sannan ya jawo kwafin takardar ɗaukarta ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. Ƙananan baƙaƙe ne da Turanci, ma'anarsu: kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Ya ƙara da cewa a kwamfutarsu yarinyar ɗaliba ce har gobe, ba wanda ya rubuto ya ce ta tafi. Jarrabawa ta wuce, an rubuta ba ta zo ba a kwas shida, in ta dawo kuma kowane kwas da kuɗin sake shi. Na je karɓar canji, na komo da bashi.

Tun daga ranar kusan duk wanda na ba wannan labari sai ya ba ni nasa. Wani taifod ne ya kwantar da ɗansa. Wani pragya ce ta kife da nasa ya karye a cinya. Wata ciki ne ya zo mata da wahala likita ya hana ta motsi. Wani dattijo a Nima sai da ya waiga, ya yi ƙasa da murya, sannan ya ce mini, "Nawa kansa ne ya ɗan taɓu." Ciwon daban-daban, amma inda labarin yake ƙarewa guda ne, a gaban taga a ofishin kuɗi, ana nuna maka layi.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da tsawo. Ɗalibin da ciwo ya fitar da shi daga aji, kuma akwai shaidar likita, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗin abin da bai amfana da shi ba, ko a ajiye masa har ya dawo, shi da iyayensa su zaɓa. Kuma bai kamata a bar wannan a hannun tausayin rajistara ba, yau ka dace da mai kirki, gobe ka haɗu da wanda ya taso da ɓacin rai. A rubuta shi, da lissafinsa, kowa ya gani tun kafin ya biya.

Bari in yi wa makarantun adalci, domin suna da abin cewa. Za su ce maka malamin da aka ɗauka don ajin nan albashinsa bai ragu ba don ɗalibi ɗaya ya tafi. Kuɗin wuta da na ruwa bai ragu ba. Kujerar da yarinyar ta bari a mako na huɗu ba za a iya sayar wa wani ba, tunda an rufe rajista. Jami'o'i masu zaman kansu da kuɗin ɗalibai suke rayuwa kacokan, wasunsu ma da ƙyar suke kai wata. Na gwamnati kuwa tun wajen 1998, da aka shigo da kuɗin amfani da kayan karatu da na masauki bayan taron Akosombo, wani ɓangare na ɗawainiyarsu a wuyan ɗalibai yake. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ma ban ce a mayar da komai ba.

Amma ka ɗauko takardar kuɗin makarantar ɗanka ka karanta ta layi-layi, abin da yawancinmu ba ma yi, jimillar kawai muke dubawa mu dafe kai. Za ka ga kuɗin karatu, ga na jarrabawa, ga na ɗakin gwaji, ga na wasanni, ga na intanet, ga na ƙungiyar ɗalibai, ga na lafiya. To, albashin malami na ji. Kuɗin jarrabawar da ba a zauna ba fa? Ba a buga mata takarda ba, ba a yi mata maki ba. Da wace hujja ake riƙe shi, sannan a sake karɓar wani in ta dawo? Wannan layi guda na "ba a mayarwa" ya tattara abin da makaranta ta riga ta kashe da abin da ba ta taɓa ba, ya zuba a buhu ɗaya ya ɗaure baki. A takardar da aka nuna mini ko mutuwa bai ware ba.

Lissafin da nake magana ba ya buƙatar farfesa. A ce kuɗin simesta sidi 6,000 ne, simestar kuma mako 16. Kowane mako ya tashi sidi 375. Yarinya ta yi mako huɗu, makaranta ta ci sidi 1,500, halal ɗinta ne. A ƙara mata sidi 600 na ɗawainiyar ofis da asarar kujera. Saura sidi 3,900. A wurin jami'ar da ke da dubban ɗalibai, kuma 'yan ƙalilan ne ciwo ke fitarwa a shekara, wannan ba abin da zai girgiza ta ba ne. A wurin mai sayar da waakye kuwa, sai ka tsaya ka ƙirga kwano nawa za ta zuba kafin ribar ta kai haka. Asara ce dole wani ya ɗauka, kuma tsarin da ake kai yanzu ya zaɓi ya ɗora ta gaba ɗaya a kan gidan da ke biyan kuɗin asibiti a daidai wannan lokaci.

Wannan tunani na biyan gwargwadon abin da aka samu ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san kuɗin Laraba, mako-mako ake kai shi, yaron da ke kwance a gida ba a aiko a ce ya kawo. A littattafan fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure ma, irin su Mukhtasar na Halil, an yi maganar wanda aka ɗauka ya koyar da yaro sai yaron ya rasu: yarjejeniyar ta warware, malami ya karɓi ladan abin da ya gabata. Mutanen da suka zauna suka yi wannan tunani ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba su da kwamfuta.

A wasu ƙasashen an riga an mayar da shi lissafi a rubuce. A Amurka, in ɗalibin da ke karɓar tallafi ko rancen gwamnatin tarayya ya bar karatu a tsakiyar zango, ana ƙirga kwanakin da ya yi. Muddin bai wuce kashi 60 cikin 100 na zangon ba, abin da bai ci ba na kuɗin gwamnati dole a mayar mata. In ya wuce nan, an ɗauka ya cinye. Gaskiya dokar aljihun gwamnati take karewa, domin makaranta na iya juyowa ta bi ɗalibin abin da ya rage, shi ya sa jami'o'i da yawa a can suke da tsarin barin karatu saboda rashin lafiya, da kwamitin da ake kai wa ƙorafi, har da inshorar kuɗin makaranta da iyaye ke saya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gwamnatin da ta fi kowace kuɗi a duniya ba ta yarda a cinye mata kuɗin kwanakin da ba a yi ba. A Indiya kuma hukumar da ke kula da jami'o'i ta fitar da ma'auni a 2018 ga wanda ya janye bayan an ɗauke shi: kashi 100, ko 90, ko 80, ko 50, gwargwadon ranar da ya sanar, sai wanda ya wuce kwana 30 da rufe ɗauka ne ba ya samun komai. Ba a kan ciwo aka yi shi ba, amma ya nuna cewa hukuma na iya cewa makaranta, wannan layin naki bai isa ba.

Mu ma muna da hukumar da za ta iya. GTEC, wadda dokar 2020 ta kafa ta hanyar haɗe tsohuwar majalisar manyan makarantu da hukumar tantancewa, ita ke ba jami'a izinin buɗe ƙofa, ita ke amincewa da kwasa-kwasanta, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. Hukumar da ke iya tambayar makaranta malamai nawa gare ta masu digirin digirgir, da littattafai nawa ke laburarenta, ba za ta gaza tambayarta me take yi da kuɗin ɗalibin da ya kwanta ba. A yau kowace makaranta da nata. Wata ta rubuta tsari mai kyau a littafin ɗalibai, wata layi ɗaya ne irin wanda aka nuna mini. Abin da nake nema shi ne GTEC ta gindaya ƙasa guda da ba wanda zai sauka ƙarƙashinta: ma'aunin mako-mako har zuwa wani wuri a simesta, zaɓi tsakanin kuɗi a hannu da ajiya, wa'adin kwanakin da za a ba da amsa, da wurin ɗaukaka ƙara in an hana. Kuma a buga shi a jikin takardar kuɗin kanta.

Gwamnati ma yanzu abin ya shafe ta kai-tsaye. Tun 2025 da Shugaba Mahama ya ƙaddamar da shirin ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati, duk ɗalibin sabon shiga da ciwo ya fitar a mako na huɗu, kuɗin harajinmu ne ya zauna a asusun makaranta. Shiri ne mai kyau, ya sauke wa gidaje da yawa a zango nauyi. Sai dai bai kai ga 'yar shekara ta biyu ba, bai kai ga mai zaman kanta ba, bai taɓa hostal ba. Ita majalisar dokoki kuwa, wadda ke amincewa da kuɗaɗen da hukumomi da makarantun gwamnati ke karɓa a ƙarƙashin dokar 2022, in tana da ta cewa a kan yadda kuɗi ke shiga, tana da ta cewa a kan lokacin da ya kamata ya fito.

Za a ce ai ɗalibai za su riƙa sayen takardar likita ta bogi in sun ga jarrabawa ta matso ba su yi karatu ba. Wasu za su gwada, ba shakka. Amma manyan jami'o'inmu suna da asibitinsu da likitocinsu da za su duba takardar, kowane likita kuma sunansa na cikin rajistar hukumar likitoci, waya ɗaya ce. Ma'aunin da ke ƙarewa kafin jarrabawa ta zo ma shi kansa ya toshe wannan ƙofa. Don tsoron maƙaryaci ɗaya ba a hukunta wadda aka ƙara wa jini.

Akwai wani abu da masu rubuta dokokin makarantu ba su lura da shi ba. A Ghana kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da ciwon sikila ake haifarsu. A 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi, aka riƙa gano su da wuri ana ba su kulawa. Yaran da a dā da yawansu ba sa kaiwa shekara biyar, yau ga su sun girma. Ga kuma karatun sakandare kyauta tun 2017, ya turo 'ya'yan talakawa bakin ƙofar jami'a da yawan da ba a taɓa gani ba. Ɗalibin yau na iya zama mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, mai ciwon sukari, ko matar aure mai goyo. Dokar kuɗin kuwa kamar an rubuta ta ne don ɗan saurayi lafiyayye wanda ubansa ke da albashi.

To, yanzu bari in juyo gida, domin in na tsaya a kan makarantu kaɗai na yi son kai. Rabin asarar da muka yi mu muka jawo ta. Da a makon da aka kwantar da yarinyar wani ya aika layi uku zuwa ofishin rajistara, da labarin ya sha bamban. A wurin makaranta, ranar da wasiƙarka ta shiga ita ce ranar da ka tafi. Ciwon da ba a rubuta ba, a wurinsu fashi ne. Mu kuwa al'adarmu in yaro ya kwanta sai a kwaso shi gida, a yi ta jinya, a yi ta addu'a, dangi su cika ɗaki, kowa ya zo da lemo da fatan alheri, amma cikin mutum ashirin ba wanda zai ce, an gaya wa makaranta kuwa? Mun iya jinya fiye da kowa a ƙasar nan. Takarda ce ba mu ɗauka a bakin komai ba, sai ranar da aka ce mu kawo ta.

Wani shirun kuma da gangan ake yin sa, kuma shi ya fi ciwo. In matsalar ta ƙwaƙwalwa ce, damuwa mai tsanani, ko yaro ya daina barci ya fara surutai, sai gida ya rufe. A ce wa maƙwabta hutu ya zo. In mace ce a ce kada a ji, wa zai aure ta. A kai wurin malam, a yi ruƙiya, a sha rubutu, wata uku su wuce ba likitan da ya gan shi. Ni ban hana kowa neman addu'a ba, mu ma mun nema. Amma ofishin rajistara ba ya karɓar shaidar malam. Dattijon nan na Nima da na ambata, ɗansa ya warke sarai, sai dai da suka koma makaranta bayan shekara guda ba su da ko guntuwar takarda da ke nuna ya taɓa ciwo, sunansa ya riga ya fita. Ba sai an je Pantang ko Ankaful ko asibitin ƙwaƙwalwa na Accra ba, in sunan wurin ne ake gudu. Asibitin Komfo Anokye da asibitin koyarwa na Tamale da asibitocin gundumomi da yawa suna da sashen, kuma tun ƙarshen 2024 katin NHIS ya fara ɗaukar wasu manyan cututtukan ƙwaƙwalwa. A je, ko don a samu kati da kwanan wata.

Su ma makarantun suna da hannu a wannan ɓoyo. Uban da ya san cewa takardar ɗansa za ta bi ta hannun masinja, da sakatare, da ɗan ofishin kuɗi, wataƙila ma ɗayansu ɗan unguwarsu ne, ba zai kai ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2012 ta sanya bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta wannan shekarar kuma ta hana nuna wa mai ciwon bambanci. Abin da ya dace shi ne rahoton ya tafi a rufe zuwa ga likitan makaranta kaɗai. Shi ya rubuta wa ofishin kuɗi cewa ɗalibi kaza ba zai iya karatu ba daga rana kaza. Sunan ciwon ba ruwan akawu da shi.

Kafin GTEC ta motsa, in ta motsa, ga abin da wahala ta koya mini. Ranar da aka ba ɗanka gado, ko washegari, a rubuta. Ba sai da Turanci mai kyau ba, ba sai rahoton likita ya fito ba. Suna, lambar ɗalibi, an kwantar da shi rana kaza a wuri kaza, rahoto na tafe. A tura ta imel, a kuma kai da hannu kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo da ita gida. Faɗa wa shugaban aji a WhatsApp ba sanarwa ba ce, ko malamin kwas ka gaya wa a baki bai wadatar ba. Kuma a kula da kalmar da za a saka. A nemi ɗage karatu, abin da ɗalibai ke kira difa, kada a rubuta cewa ya bari. Wanda ya ɗage kujerarsa na nan. Wanda ya bari sai ya sake neman shiga. Makarantu suna da iyakar simesta nawa ake iya ɗagewa, tana cikin littafin ɗalibai, wanda yawancin yaranmu ba sa buɗewa tun ranar da aka ba su.

Sannan abu uku ne ake nema, kuma kowanne ofishinsa daban, wannan ne ya fi ɓata mini lokaci kafin in gane. Na farko a goge "bai zo ba" daga sakamako, domin wannan ya fi kuɗin ma muhimmanci, shi ke bin yaro har ranar kammalawa ya ja darajar digirinsa ƙasa. Na biyu kuɗin karatu. In sun ce ba sa ba da kuɗi a hannu, a nemi ajiya zuwa simestar dawowa, kuma a karɓi alkawarin a rubuce, da adadi, da sa hannu, domin wanda ya yi maka alkawari da baki yau ana iya canja masa ofis gobe. Na uku masauki. In kuma yaron yana cin rancen ɗalibai na SLTF, a sanar da su su ma, kada kuɗi ya ci gaba da fita da sunan wanda ke kwance a gida, ya zama bashi a wuyansa.

Hostal kuwa sai dai haƙuri da naci. Yawancinsu na 'yan kasuwa ne, ba sa ƙarƙashin rajistara. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida gaba, amma duk mun san yadda ake yi a Accra da Kumasi. Abin da ya fi aiki shi ne a nemi izininsu a kawo wani ɗalibin ya karɓi gadon ya biya ka saura, tunda kullum akwai masu neman wuri. In sun ƙi, kuma suka saka wani suka karɓi nasa, to sun ci kuɗi biyu a kan gado ɗaya, ofishin kula da haya a buɗe yake. Wanda makarantar gwamnati ta yi wa shiru ko ta yi masa rashin adalci yana iya kai kuka CHRAJ, kyauta ne, kuma suna da ofisoshi har a gundumomi. Mutanenmu suna tsoron kai ƙara, gani suke za a huce a kan yaro. Na fahimci tsoron. Amma wasiƙa mai ladabi da kwafi zuwa ga shugaban kula da harkokin ɗalibai ba faɗa ba ce, kuma na ga yadda murya ke sauyawa a ofis da zarar an ga ka riƙe kwafi mai hatimi.

Su wa za su ɗauki maganar zuwa sama? Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUGS, da majalisun ɗalibai na kowace jami'a duk shekara suna tayar da jijiyar wuya a kan ƙarin kuɗi, kuma suna da gaskiya. Wannan ma nasu ne, sai dai wanda abin ya shafa ba ya zuwa zanga-zanga, yana kwance. GMSA, da ke da rassa a jami'o'in ƙasar nan, tana iya yin abin da ya fi sauƙi tun gobe: a lokacin tarbar sababbin ɗalibai a ware minti goma a koya musu wannan wasiƙa, a kuma naɗa mutum ɗaya a kowane reshe wanda in ɗan'uwa ya kwanta shi zai ruga ofis. 'Yan majalisarmu na Asawase da Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa sun fi kowa sanin wannan matsala, domin a ƙofar gidajensu ake yin layi da asuba ana roƙon kuɗin makaranta. Wanda yake ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya wa ɗan mazaɓarsa, ya kamata ya tambaya a zauren majalisa ina kuɗin yake tafiya in yaron ya kwanta.

Namu dai ga yadda ya ƙare. Na rubuta wasiƙa huɗu, na je sau biyar, likitan da ya duba ta ya taimaka ya rubuta rahoto da kwanakin kwanciya daidai. An goge sakamakon, an mayar da shi ɗagewa. An yarda a ajiye mata rabin kuɗin simesta, aka ce alfarma ce, kuma na yi godiya domin na san ba dole aka yi musu ba. Na hostal ko sisi. Ranar da na je kwashe kayanta na tarar da wata yarinya a kan gadon, ta ce tun wata biyu ta biya ta shigo, kayan namu na cikin sito.

Yaya ta shiga sabon susu. Yarinyar ta koma aji, ta rame amma tana dariya. Kafin ta hau mota na ba ta wasiƙa kwafi biyu, komai a rubuce, gurbin kwanan wata kaɗai na bari. Ta ce, "Kawu, fata kake mini?" Na ce ta saka a jakar magungunanta, ta kuma nuna wa 'yar ɗakinsu inda take.